Baffana ya kawo min sunaye in saka a kashfin agaji, in ƙi shi ne ko in yi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba, dan Allah a sakaya sunana. Ni ma'aikaci ne a wata mahalliya, wato ƙaramar hukuma, a jihar Gadarif ta ƙasar Sudan. Tun da yaƙi ya koro mutanen Madani da na Sinja aka ɗora ni a kan rubuta kashfin nazihai, wato jerin sunayen 'yan gudun hijira, wanda ake bi wajen rabon kayan agaji. Matsalata Baffana ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya biya min karatu har na zama abin da na zama. A rabon da ya wuce ya sa na saka sunan Goggona da wata mai marayu maƙwabciyarmu, na saka, alhali su 'yan gari ne ba gudun yaƙi suka yo ba, amma wallahi suna cikin yunwa. Yanzu kuma ya kawo min takarda mai suna 11. Yace kowa a ofis nasa yake sakawa mu Hausawa ne kawai muke barin namu, kuma wani malami ya faɗa masa tunda ba ni zan ci ba babu laifi, lada ma zan samu. Ga albashi ya yi watanni bai zo ba, ga wani ɗan kasuwa mai neman ruhsar shago, wato lasisi, ya aiko da buhun dawa gidana bana nan, iyalina suka karɓa. Baba barci ya gagare ni. In na ƙi Baffa na zama butulu, in na yi ina tsoron Allah ina tsoron kamu.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Ni tsohon dabit idari ne, wato jami'in mulki na ƙaramar hukuma, na yi ritaya, kujerar da kake kai na san zafinta, don haka ba zan tsaya koya maka mene ne kashfi ko wa ke sa hannu bayan wa ba, ka fi ni sanin yadda ofis yake yanzu. Rashin barcin nan da kake yi alheri ne, kar ka nemi maganinsa wajen mai cewa ka kwantar da hankalinka. Kuma amsar a taƙaice ita ce kar ka saka sunayen nan 11, ko ɗaya. Sauran maganar duk bayani ne a kan dalili da kuma yadda za ka yi da Baffa ba tare da ka tozarta shi ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka shine maganar malamin nan, wai tunda ba kai za ka ci ba babu laifi. Wallahi ɗana wannan magana ta halaka ma'aikatan kirki fiye da yadda kwaɗayi ya halaka su. Ɓarawon da ya san shi ɓarawo ne yana iya tuba gobe, amma wanda aka gaya masa lada yake samu yaushe zai tuba? Kullum sai na ji ta, a masallaci, a wajen ta'aziyya, a bakin mutanen da ba sa barin sahun gaba. Wai ai taimako ne, wai kayan ƙungiya ne ba na kowa ba, wai Turawa ne suka kawo suna da shi da yawa, wai in ba ka saka naka ba wani zai saka nasa. Duk abu ɗaya suke faɗa, cewa babu wanda aka cuta. Toh akwai wanda aka cuta, kuma kai ka fi kowa saninsa don kai ka rubuta sunansa ko ka kasa rubutawa.

Kaga kayan agaji ba rijiya bane da ake ɗiba tana ƙara kawo ruwa. Ƙungiya tana zuwa da adadi a hannu, tace muna da na gidaje kaza, a ba mu kashfi. In adadin 500 ne toh 500 ne, ba za su buɗe sito su ƙaro 11 don Baffa ya kawo takarda ba. Ko dai a yanke gida 11 daga ƙasan kashfin, ko a rage mudun kowa. Su wa ke ƙasan kashfi? Waɗanda suka iso a makare, waɗanda ba su san kowa a gari ba, tsohuwar da ba ta iya turereniya a layi ba, matar da ta bar katinta na raƙam watani, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, a gida lokacin da take gudu da yara. Na taɓa tsayawa a wani rabo a farfajiyar makaranta, wata mata tun bayan asuba take zaune a gindin katanga da goyo a baya da wani yaron riƙe da gefen taubinta, ta zo da buhun leda wanda ta wanke ta ninke don zuba abin da za a ba ta. Da azahar aka zo kanta, mai kiran suna ya bi takarda da yatsa sama da ƙasa yace Hajiya sunanki babu. Ba ta yi faɗa ba, ta tambaya ko a sake dubawa, aka sake, babu. Ta juya ta tafi da buhunta a ninke. A wannan rabon kuma na ga mutane sun zo da karo na jaki sun ɗauki nasu sun shiga cikin gari, gidajensu na nan lafiya lau. Wanda ya rubuta wancan kashfin na tabbata ko ƙwayar adas bai kai gidansa ba, kuma ina jin a ransa yana ganin ya taimaki danginsa. Toh ita wannan matar wa zai biya ta?

Kuma wannan malamin da ya ba Baffa fatawa, ina so in san a wane littafi ya gani. Sun haddace innamal a'amalu binniyati sun mayar da shi mabuɗin kowace ƙofa. Niyya tana gyara aikin da asalinsa halal ne, ba ta mayar da haram halal, wannan ko ɗan makarantar allo da ya fara Ahalari ya ji shi. Annabi SAW yace Allah mai tsarki ne ba ya karɓar sai mai tsarki, yana cikin Muslim. Sadaka da dukiyar wani ba sadaka bace. Sannan ka buɗe Suratun Nisa'i aya ta 135 ka karanta da kanka, Allah yace ku tsayu da adalci kuna masu shaida don Allah ko da a kan kanku ne ko iyaye ko dangi na kusa, sai ya ƙara da cewa ko mawadaci ne ko matalauci Allah ne mafi cancanta da su. Kaga har hujjar Baffa ta cewa ai talakawa ne an riga an amsa ta a cikin ayar. Sa hannunka a ƙasan kashfi shaida ce, kana cewa na shaida waɗannan mutane gudun yaƙi suka yo. In ba haka bane shaidar zur ce, ko da wanda ka yi wa ita yana kwana da yunwa. Ni dai irin waɗannan masu fatawar zaure sun ishe ni, mutum bai taɓa riƙe hatimin ofis ba, bai san yadda ake rabo ba, bai tambayi daga hannun wa za a cire ba, a ba shi shayi ya halatta maka wuta, ranar da aka zo kama ka kuma ba za ka gan shi ba.

Sai batun kayan ƙungiya ne ba na kowa ba. Ku da ke Gadarif Habasha na nan kusa da ku ta Gallabat, ku tambaya. A 2023 Hukumar Abinci ta Duniya da Amurka sun dakatar da tallafin abinci, da farko a Tigray, daga baya a watan Yuni a ƙasar baki ɗaya, saboda an gano ana karkatar da kayan. Watanni aka yi babu rabo, miliyoyin mutane suka shiga uku, kuma waɗanda suka karkatar ba su ne suka kwana da yunwa ba. Haka abin yake ko a ƙaramin mataki, ƙungiyoyin nan suna aiko masu bin diddigi, su ɗauki sunaye kaɗan daga kashfi su buga waya ko su je gida, ranar da suka tarar da mutum a gidansa na gado an rubuta shi nazihi daga Sinja toh kashfin gaba ɗaya ya zama abin zargi, su tsayar da rabo su ce sai an sake rajista. Kai ka san sake rajista wata nawa yake ci a ofisoshinmu, takarda ta je mufawwadiyya, wato hukumar agaji ta gwamnati, ta dawo, a ce mudir, wato shugaban ofis, ya yi tafiya, a ce babu man mota, a ce babu intanet. Duk wannan lokacin 'yan gudun hijirar da aka sauke a makarantu suna jira. Suna 11 zai iya tsayar da abincin gida 500.

Yanzu maganar da na san ita ta fi ci maka rai, cewa kowa nasa yake sakawa mu ne kawai muke barin namu. Ba zan ce maka ƙarya bace gaba ɗaya. Na san abin da Bahaushe ke gani a ofisoshin ƙasar nan, na san mutumin da aka haifi kakansa a nan amma in ya je neman raƙam watani sai an sa shi kawo shaidu kan shaidu, na san unguwanninmu su ake mantawa a ruwa da makaranta. Wannan ciwon gaskiya ne. Amma ka tuna 2022, rikicin jihar Nilu Shuɗi, Rusairis da Damazin a watan Yuli sannan Wad al-Mahi a watan Oktoba, su wa suka fito da kayan jikinsu kawai? Namu ne. Suka watsu Sinnar da Rabak da Kosti da Jazira, suka zauna a makarantu suna jiran wani ma'aikaci wanda ba Bahaushe ba ya rubuta sunansu. Da wancan ma'aikacin ya bi fatawar malamin Baffa ya cire mata 11 daga cikin namu ya saka danginsa na cikin gari, me za mu kira shi? Abin da za mu kira shi toh shi za a kira ka. Kuma a cikin waɗanda suka gudo daga Madani da Sinja ɗin ma ai akwai Hausawa birjik, ta yiwu wadda za ka cire ɗin 'yar uwarka ce ba ka sani ba.

Sannan ka sani kai ba kamar kowa bane a wannan kujerar. In wani ya yi aka kama shi za a ce wane ya yi. In kai ka yi za a ce Hausawa sun yi, kuma yaron da zai nemi aikin nan bayanka shi zai biya. Mu da muke alfahari da cewa kakanninmu sun taso bayan yaƙin Burmi a 1903 sun bar gida da gona don kar su zauna ƙarƙashin abin da ba su yarda da shi ba har suka kafa garin Mai Wurno a nan Sudan, bai kamata a same mu muna cewa tunda kowa na yi mu ma mu yi ba.

Doka kuma ba ta san Baffa ba. Dokar laifuka ta 1991, mada ta 124, wato sashe na 124, tana magana ne kai tsaye a kan ma'aikacin gwamnati da ya rubuta abin da ba gaskiya ba a takarda yana sane. In aka ɗauke shi a matsayin cin amanar dukiyar da aka damƙa maka, mada ta 177 ce, kuma ga ma'aikacin gwamnati ɗaurin yana iya kaiwa shekara 14. Babu inda aka ce sai in kai ka ci. Ranar bincike takardar Baffa babu sa hannu a kanta, kashfinka ne ke da sunanka da hatimi.

Toh ya za ka yi da mutanen nan 11, tunda kace da gaske suna cikin yunwa, kuma na yarda? A nan ne nake jin haushin ma'aikatanmu, ƙofar gaba na nan a buɗe amma an fi son tsallake katanga saboda ƙofar tana buƙatar rubutu da zirga-zirga. Ƙungiyoyi da yawa suna ware kaso na mutanen gari masu masaukin baƙi, musamman gidan da ya sauke nazihai a cikinsa. Ka rubuta wa mudir tanfizi, wato shugaban gudanarwa na mahalliya, takarda, kace a unguwa kaza akwai gidaje masu rauni da gidajen da suka sauke baƙi, kana neman a buɗe musu kashfi nasu daban a gabatar wa ƙungiyoyi. Ka sa lajnar unguwa, wato kwamitinta, da limami da shehun unguwa su tantance, kuma ba dangin Baffa kawai ba, duk wanda ya cancanta a unguwar ko wace ƙabila ce. Ga Diwanin Zakka, yana da lajna a unguwanni, mai marayu irin maƙwabciyarku aikinsu ce tun asali, har katin ta'amin sihhi, wato inshorar lafiya, suna biya wa gidajen talakawa. Eh na sani za a yi ta cewa ka dawo gobe, na sani takarda tana iya kwana a durowa har ta yi ƙura, abin yana ƙona min rai ni ma, amma kai ɗan ciki ne ka san ofishin da ake bi da wanda ake tsayawa a kansa, a nan ne ya halatta ka yi amfani da sanayyarka, ka bi takardar da ƙafarka har ta fito. Kuma dan Allah ka nisanci samsarori, wato dillalan da ke zama a bakin mahalliya suna cewa a kawo kaza su saka suna, duk wanda ya ce maka yana da hanya a ciki da sunanka yake ciniki.

Abu na biyu, ka nemi a cire ka daga rajistar unguwarku. Ka rubuta a takarda cewa kana da dangi a wannan yanki kana roƙon a ba wani abokin aiki, kai a ba ka wani yankin. Ka riƙe kwafi. Wannan kaɗai zai sauke maka rabin nauyin, don gobe in wani ya zo da takarda sai kace wallahi ba a hannuna yake ba, kuma gaskiya ka faɗa.

Shi kuma Baffa kar ka aika masa saƙo a waya, kar ka amsa masa a gaban mutane. Ka je gida bayan isha'i, ka durƙusa yadda ka saba, in da hali ka tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ka fara da abin da ya yi maka, ka faɗa da bakinka cewa ba ka manta ba. Sannan kace Baffa wannan takardar in na saka ta gida 11 na waɗanda suka gudo za a cire, kuma in aka gano ni za a ɗaure, aikin da ka sha wahala ka kai ni shi zai tafi. Sai ka ajiye masa ɗaya takardar a gabansa, wadda ka rubuta wa mudir, kace ga hanyar da zan bi musu kuma ni zan bi ta da kaina. Zai yi fushi, ta yiwu ya yi sati bai amsa gaisuwarka da daɗi ba, ka ci gaba da zuwa gaisuwar. Biyayya gare shi wajibi ce a kanka amma babu biyayya ga abin halitta a saɓon Mahalicci, kuma butulci shine ka manta alherinsa, ƙin sa hannu a kan ƙarya ba butulci bane. Abin da yake binka na riƙo daga aljihunka za ka biya, ko kaɗan ne, ba daga buhun 'yan gudun hijira ba.

Sunaye 2 da ka riga ka saka kuma kar ka bar su su zauna. A sabunta kashfi na gaba ka cire su ka mayar da su inda suka dace, kashfin 'yan gari ko na Zakka, kuma ka gaya wa Goggo da kanka kafin ta je layi ta ji a bakin wani. Abin da suka karɓa a rabon baya ka ƙiyasta shi, in Allah ya hore ka sayi kwatankwacinsa ka kai takiyyar da ke dafa wa mutanen makarantar, a hankali ba sai lokaci ɗaya ba. In kana tsoron abin zai taso ta fuskar doka ka fara zama da lauyan da ka amince da shi kafin ka yi magana da kowa a ofis.

Albashi kuwa zalunci ne a sa mutum aiki a hana shi haƙƙinsa, ba zan yi wa kowa kara a kan wannan ba, ku haɗu ku rubuta ku nema da babbar murya. Amma bashin da kake bin gwamnati ba matar da ke gindin katanga za ta biya ba, ba kuma ɗan kasuwa ba. Kana Gadarif, ƙasar dawa da riɗi, in akwai ɗan fili ka noma, in akwai sana'ar yamma ka riƙe, yawancinmu da haka muka rufa wa kanmu asiri. Kuma duk kuɗin da ya shigo ta hannunka na ruhsa ko na awayid, wato harajin gidaje, ka tabbata ya fita da Urnik 15, wato rasidin gwamnati, ko mudir ne yace a karɓa a ajiye a gefe kace ya rubuto maka, yawanci daga nan maganar ke mutuwa.

Buhun dawa ba ya buƙatar dogon bayani. Ka san hadisin Ibnul Lutbiyya a Bukhari da Muslim, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yace wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi SAW ya hau mumbari yace me ya sa bai zauna a gidan ubansa ko na uwarsa ba ya ga ko za a kawo masa kyautar. Shehu Usmanu ma a Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya yi inkari. Ka tambayi kanka, kafin a ba ka kujerar nan mutumin ya taɓa aiko maka ko mudu ɗaya? In amsar a'a ce toh kujerar ya aiko wa, kuma mada ta 88 ta rashawa tana hawa kan mai bayarwa da mai karɓa. Ka mayar masa gobe da rana tsaka, ka tafi da mutum ɗaya ya zama shaida, kar ka zage shi kar ka kunyata shi a kasuwa, kace na gode amma aikina ya hana. In an riga an buɗe buhun an taɓa, ka cika abin da aka ɗiba ko ka biya shi kuɗinsa a farashin ranar ta manhajar banki ta Bankak don ya zama akwai shaidar biya. Fayil ɗin ruhsarsa kuma ka duba shi kamar na kowa, in ya cika sharuɗɗa ka sa hannu kar ka riƙe shi don huce haushi, in bai cika ba ka rubuta masa abin da ya rage. Sannan ka zauna da iyalinka ka gaya musu daga yau duk abin da aka kawo gida kana waje kar a sauke shi daga kan karo sai an kira ka.